Mai Takalmi Ya Fi Mai Littafi Sanin Aikinsa

Ranar wata Asabar, ana saura kwana biyu a koma makaranta, na ɗauki ɗiyar ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya muka shiga kasuwa a Kano domin sayayyar komawa. Mun fara da rumfar takalma. Kafin mu gama gaisawa mai rumfar ya dubi ƙafar yarinyar, ya tambayi lambar da take sawa, ya ɗauko ƙafa ɗaya ya ce ta gwada. Ya danna bakin takalmin da babban yatsansa don ya ji inda yatsunta suka tsaya, sannan ya ce mini, "Malam, a ƙara mata lamba ɗaya, yara a wannan shekarun ƙafarsu ba ta jira." Na biya, muka wuce. Sai ta ja hannuna ta ce, "Kawu, ka yi mini alkawarin littafin labari." Muka shiga wani shagon littattafai, babba, cike har rufi. Na ce wa saurayin da ke tsaron shagon ina son littafin Hausa da zai dace da wannan yarinya. Bai ɗago kai daga wayarsa ba, ya miƙa hannu ya zaro wani mai sheƙin bango ya ajiye a gabana, ya ce, "Wannan ake yayi, Alhaji. Na ɗaya zuwa na uku ne." Na buɗe tsakiya na karanta shafi guda a tsaye. Labarin kishiyoyi ne da sirrin ɗakin aure, an rubuta shi domin matan da suka san abin da ake nufi. Na tambaye shi ko ya karanta. Ya yi dariya ya ce shi sayarwa yake yi.

Ban ga laifin littafin ba, domin marubuciyarsa ba don 'yar shekara goma sha ɗaya ta rubuta shi ba. Shi ma saurayin laifinsa kaɗan ne, iyakar abin da ubangidansa ya koya masa ke nan: farashi da lissafin canji. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a kasuwa guda kuma a yini guda, an auna ƙafar yarinya cikin natsuwa, amma ba wanda ya ga dalilin auna hankalinta. Alhali takalmin da ya matse da yamma ake cire shi a huta, abin da yaro ya karanta kuwa yana tare da shi har furfura.

Tun daga ranar nake jin haushin wata magana da ta zama ruwan dare a tarukanmu na adabi da shafukan jaridu, wato wai yaran yanzu ba sa karatu. Ina ganin wannan magana rumfa ce da manya suka kafa don su fake daga nasu laifin. Ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne sha'awar karatu ba ta mutu a ƙasar Hausa ba. Abin da muka bari ya mutu shi ne aikin mutumin da ke tsaye tsakanin littafi da mai karatu, wanda ya san hajarsa, ya dubi wanda ya shigo, ya ce masa, "Kai, wannan ne naka." Wannan mutum shi ne mai sayar da littattafai da ke karanta abin da yake sayarwa, kuma rashinsa ya fi tsadar takarda da wayar salula yi wa adabin Hausa ɓarna.

Tsohon da ya hana ni littafi

Na san irin wannan mutum ya taɓa wanzuwa, domin a hannunsa na koyi son karatu. A garinmu, kusa da tashar mota, akwai wani tsoho da yake baza littattafai a kan tebur ƙarƙashin wata dalbejiya. Ba shi da shago, ba shi da takardar shaidar wata makaranta mai zurfi, amma babu littafi a teburin nan da bai karanta ba. Ina aji huɗu na firamare na adana kuɗin tara na mako uku, na je na nuna wani littafi da hoton bangonsa ya burge ni. Ya karɓe shi daga hannuna ya mayar inda yake, ya ce, "Ɗan nan, wannan zai jira ka, ba inda za shi. Me ka taɓa karantawa har ƙarshe?" Na ce, "Babu, Baba, sai na makaranta." Ya ɗauko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya ba ni, ya ce in na gama in dawo in gaya masa yadda yaron da ba ya iya tafiya ya zama jarumi. Na tafi ina ƙunƙuni. Bayan kwana biyu na dawo da gudu.

Daga nan ya riƙa jana a hankali. Ya ɗora ni a kan Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya tukuna, sannan Ruwan Bagaja, inda na yi ta dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke rama wa juna mugunta. Sai da na shiga sakandare ya ba ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ce, "Wannan ba na dariya ba ne, ka karanta shi inda ba hayaniya." Da na kai inda mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har ta ratsa Sahara, na gane abin da yake nufi. Littafin da ya hana ni ranar farko kuwa, Ƙarshen Alewa Ƙasa ne na Bature Gagare, mai cike da kisa da ta'asa. Sai da gemu ya fara tsiro mini ya miƙo mini shi da kansa, ban ko tambaya ba.

Kada a ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. Ɗan kasuwa ne, kuma ya san riba. Da ya sayar mini da abin da na nuna ranar farko, da ya ci ribar littafi ɗaya, ni kuma in kasa fahimtarsa in jefar, in yanke wa kaina hukuncin cewa karatun labari wahala ne. Da ya hana ni, sai ya sami abokin ciniki na shekara goma, har da ƙannena da abokaina da na riƙa janyo masa.

Tsarin ba baƙo ba ne

Wani zai ce ba da shawarar littafi gwargwadon shekaru al'adar kantunan Turai ce, mu ba mu gaje ta ba. Wanda ya faɗi haka bai zauna a zauren malamin ilimi ba. Ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ba ya farawa da Muhtasar. Yana bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala, kafin a yarda ya tunkari manyan littattafai. Tsofaffin masu sayar da littattafan addini a Kasuwar Kurmi sun san wannan jeri kamar yunwar cikinsu, kuma ba abin mamaki ba ne ka ji ɗayansu yana tambayar almajiri a wurin wa yake karatu, kuma ina ya tsaya. A ɓangaren boko ma haka abin yake. Sunayen littattafan firamare da iyayenmu suka karanta su kansu tsani ne: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Ko kakar da ke yi wa jikoki tatsuniya da dare ta san wadda za ta yi wa 'yan shekara biyar su yi barci, da wadda za ta ajiye sai manyan kaɗai sun rage.

Waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labari a rubutun boko su ma da mai karatu a ransu suka yi aikin. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, an yi ta ne don waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa da harshensu. Hukumar NORLA ta Zariya, a shekarun 1950, aikinta shi ne ta tabbatar wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci ya sami littafi da jarida daidai ƙarfinsa, don kada karatun ya zube. Magana Jari Ce kansa, a littafi na uku, aku ne yake zaune yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zance mataki-mataki. Wato mun daɗe da sanin cewa ilimi hawa-hawa ne. Ƙagaggen labari kaɗai muka ware yau muka bar shi babu tsani, kamar shi ba ya shiga ƙwaƙwalwa.

Wa ya ce ba a karatu?

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsuke kuma manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya daga buga sababbin labaran Hausa, matasa maza da mata a Kano da Kaduna da sauran garuruwa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, ɗaruruwa kuma suka biyo bayansu. Ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ba, ba kuma manhaja ce ta tilasta wa kowa saye ba. Masu karatu ne suka riƙe su da kuɗinsu, har aka sami sana'ar ba da hayar littafi, inda kwafi ɗaya zai zaga unguwa sai bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Matan aure na cikin gida, waɗanda ba a ma cika lissafa su cikin masu ilimi ba, suna cikin waɗanda suka fi kowa saye.

Yau kasuwar takarda ta ja baya, wannan gaskiya ne, amma masu karatun ba su ɓace ba, waya suka koma. 'Yan mata suna biyan kuɗi a sa su a zaurukan WhatsApp inda marubuciya ke sakin labari shafi-shafi, wasu suna bin Wattpad, wasu suna sauraron ana karanta littattafai a rediyo da YouTube. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta fito da masu riƙe alƙalami da dama waɗanda ba a san da su ba. Al'ummar da ke yin wannan ba za a ce ba ta karatu ba. Ƙishirwar tana nan. Abin tambaya shi ne wa yake nuna wa yaro rijiyar da zai sha, tunda ita ma waya ba ta tambayar shekaru, kamar dai saurayin shagon nan.

Inda laifin yake

Zan fara da masu shagunan. Yawancin shagunan littattafai da na sani a yau sun koma kantin kayan makaranta: littattafan manhaja, tambayoyin jarrabawar shekarun baya, biro da jaka da littafin rubutu. Ba na ƙin wannan, a nan cinikin yake. Abin da nake ƙi shi ne mai shago ya ɗauki yaron da zai tsare masa dukiya ba tare da ya taɓa tambayarsa ko yana karatu ba. Mai sayar da yadi ba zai ɗauki yaron da bai bambance shadda da boyel ba. Mai kemis na kirki ba zai miƙa maganin tari ba sai ya ji ko na yaro ne ko na babba. A shagon littafi kaɗai jahiltar haja ba aibi ba ne. Sai kuma a dawo ana kukan kaya sun yi kwantai. Yaya ba za su yi kwantai ba, alhali wanda aka ɗora wa tallarsu bai san abin da zai ce a kansu ba in ban da kuɗinsu?

Na biyu, masu ganin maganin mugun littafi shi ne ashana. A 2007 an tara littattafan labaran Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a Kano aka ƙona su a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin gwamnatin jiha na A Daidaita Sahu. Ba na shakkar cewa cikin waɗanda suka goyi bayan hakan akwai iyaye masu damuwa ta gaskiya, irin damuwar da ni ma na ji a shagon nan. Amma wuta ba ta karatu. Ba ta bambance littafin batsa da littafin da ke yi wa iyaye gargaɗi a kan auren dole. Darasin da yarinyar da ta tsaya tana kallon hayaƙi ta koya kuwa shi ne littafin Hausa abin kunya ne da ake turawa ƙarƙashin katifa. Wanda aka koya wa ɓoye karatunsa ba zai zo neman shawarar babba a kan abin da zai karanta ba. Ta haka hani ya kashe shawara, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Na uku mu ne, ɗaliban adabi da malamanmu, kuma a nan maganar ta fi yi mini ɗaci, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, inda Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, muhawara ce mai amfani, ta tilasta wa jami'a ta dubi abin da jama'a ke karantawa. Sai dai mu da muka biyo baya gardamar kawai muka gada. Har yau muna rubuta kundayen digiri a kan jigo da salo da zubi da tsari, a ɗaure su da baƙin bango a jera a ɗakin karatu na sashe, inda ƙura ta fi mutane ziyartarsu. Ni kaina na rubuta irinsa. Amma in uwa ta tare ɗayanmu a bakin hanya ta ce, "Malam, wane littafi zan saya wa ɗana mai shekara tara?", da yawanmu sai mu fara inda-inda. Ilimin da ya kasa amsa wannan tambaya, ban san wa yake yi wa hidima ba. Kasuwar da muka riƙa ambata da yatsine, a nan mai karatu yake. Mun ƙaurace mata, sannan muna mamakin abin da ake sayarwa a cikinta.

Amsa ga masu ja

Za a ce mini mai shago ɗan kasuwa ne, ba malamin tarbiyya ba, kuma a wannan tsadar rayuwa ba shi da lokacin karanta haja. Ba sadaka nake roƙonsa ba, jarinsa nake nuna masa. Littafin labari ba gishiri ba ne da dole a saya. Abin da ke dawo da mutum shago karo na biyu shi ne daɗin da ya ji a karo na farko. Littattafanmu kuwa yawancinsu ba su da kauri, Ruwan Bagaja ana gama shi a zama ɗaya ko biyu. Yaron shagon da ke shafe rabin yini yana jiran mai saye, in ya karanta littafi ɗaya a mako, kafin shekara ta zagayo ya san hamsin. Wanda ya san littafi hamsin kuwa ba zai tsaya ga "wannan ake yayi" ba.

Za a kuma ce, wa ya naɗa mai shago alƙali? Ashe wannan ba tace littattafai ba ne ta bayan gida, abin da na gama suka yanzu? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Lallai akwai mai shagon da zai fake da shawara ya cusa ra'ayinsa, ya ɓoye littafin da ya ƙi jinin marubucinsa, ko ya hana mace abin da zai ba namiji. Amma tsakanin shawara da hani akwai tazara mai faɗi. Mai hani cewa yake yi kada littafin ya wanzu, ga kowa, har abada. Tsohon nan cewa ya yi littafin zai jira ni, ya bar shi a kan tebur ina ganinsa kullum, kuma ya cika alkawari. Baligi kuwa in ya nuna abin da yake so, ba mai hurumin hana shi, iyakar mai shago ya ce, "In ka gama wannan, akwai wani da nake so ka gani." Su kansu shekarun ba cikakken ma'auni ba ne, domin akwai 'yar shekara goma sha biyu da ta fi ɗan ashirin zurfin karatu. Shi ya sa tsohon bai tambaye ni shekaruna ba, ya tambaye ni abin da na taɓa karantawa har ƙarshe. Jerin sunayen da aka buga a ofis ba zai iya yin wannan tambaya ba, sai mutum mai ido da kunne.

Hujja ta uku ita ce babu isassun littattafan yara a Hausa, to a kan me za a ba da shawarar? A nan na yarda da rabi. Marubutanmu na zamani sun fi karkata ga matasa da ma'aurata, yaro ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu ya zama maraya a kasuwarmu. Amma mu dubi yadda maraicin ya samo asali. Marubuci yana rubuta abin da 'yan sari suka ce masa yana tafiya, 'yan sari kuma suna faɗin abin da masu shago suka nema. In mai shago bai taɓa tambayar don wa ake sayen littafi ba, ba zai san iyaye nawa suka juya hannu rabbana ba, balle ya kai labari gaba. Shirun da ake yi a bakin kanta shi ne yake komawa ya zama giɓi a maɗaba'a. Ɗaya rabin kuwa ban yarda da shi ba, domin ɗan abin da muke da shi ma ba mu miƙa shi ba.

Da shagon nawa ne

Don kada a ce na iya suka ban iya gyara ba, ga abin da zan faɗa da ni ne a bayan kanta.

Uban da ya zo da ɗan shekara shida ko bakwai, zan ba shi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, in roƙe shi kada ya miƙa wa yaron ya yi tafiyarsa, ya zauna ya karanta masa da baki bayan an ci tuwon dare, domin a wannan shekarun ta kunne karatu yake shiga. Ɗan shekara tara zuwa goma sha biyu, ga Magana Jari Ce na ɗaya, wanda gajerun labaransa ke ba yaro damar ya tsaya ya huta ba tare da zaren ya tsinke masa ba. Mai son jarumta in ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, mai son dariya Ruwan Bagaja. Yaron da ya ishi iyayensa da tambaya a kan taurari kuwa, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, don ya san tun 1969 Bahaushe ya rubuta labarin tafiya sararin samaniya.

Ɗan sakandare da ya fara gane cewa ba kullum mai gaskiya ke cin nasara ba, zan ba shi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ya ga yadda ramuwar gayya ke cin wanda bai ji ba bai gani ba. In na ji yana mafarkin gudu birni ya bar gona, in haɗa masa da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Budurwar da ta zo neman labarin soyayya ba zan tsaya yi mata wa'azi ba, domin in na kore ta wani shagon za ta. Zan ba ta So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar a 1980, da In Da So Da Ƙauna. In ta dawo, in ɗora mata Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta koma ta nemi ilimi da ƙafarta. Wannan littafin ma zan so mahaifinta ya riga ta karantawa.

Magidancin da ya ce shi ya wuce karanta labari, zan sa masa Alhaki Kuykuyo Ne a hannu, ya ga abin da ke samun gida idan mai gida ya kori uwar 'ya'yansa saboda sabuwar amarya. In gaya masa an fassara littafin zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, mutanen wata nahiya suna karantawa, shi da aka rubuta da harshensa bai sani ba. Ma'aikacin gwamnati da ɗan siyasa, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Wanda zuciyarsa ta yi ƙwari, 'Yartsana na Ibrahim Sheme da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Dattijon da idonsa ya fara rauni, Waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi ko Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu, in ce ya sa jikansa ya rera masa. Ta haka na sayar da littafi ɗaya ga masu karatu biyu.

Na san wani zai ƙi wannan jeri, ya ce na tsallake wane, na fifita wance. Madalla da haka. Wannan gardamar nake so a yi, amma a bakin kanta, a gaban mai saye, inda za ta ƙare da yaro ya fita da littafi a hannu.

Abin da nake nema

Buƙatuna ba sa jiran kasafin kuɗin gwamnati. Mai shago ya sa karatu cikin sharuɗɗan ɗaukar yaron shago, ya kuma ware kanta ɗaya ta yara a inda hannunsu zai kai, nesa da kantar ma'aurata. Marubuta da masu maɗaba'a su rubuta a bayan bango wa aka yi wa littafin, kamar yadda ake rubutawa a kwalbar magani. Marubuciyar da ta yi haka ta kare mai karatunta, ta kuma kare kanta daga masu ashana. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su tura ɗalibansu shagunan littattafai kamar yadda ake tura ɗalibai koyon aikin koyarwa, ko da na mako huɗu ne, su tsaya bayan kanta su amsa tambayar iyaye. Ɗalibin da uwa ta tsare da tambaya sau goma zai koma aji ya karanta littattafan da a da iyakarsa haddace sunayensu don jarrabawa. Ƙungiyoyin marubuta kuma, da suke karrama junansu a taruka, su tuna da mai sayarwa. Na halarci irin waɗannan taruka da yawa, ban taɓa ganin an kira mai shagon littafi an yaba masa don ya raini masu karatu ba, alhali ba don irinsa ba da yawancin waɗanda ke zaune a kan manyan kujerun ba su zama marubuta ba.

Ranar nan ban saya wa yarinyar komai a shagon ba. Sai da muka zaga shago uku kafin mu sami Magana Jari Ce na ɗaya, a can ƙasan kanta, ƙura ta lulluɓe shi, mai shagon ma bai san yana da shi ba sai da na tsuguna na zaro. Bayan mako guda ta kira ni a wayar mahaifiyarta, ba ta ko gama gaisuwa ba ta ce, "Kawu, saura labari uku in gama. Kar ka gaya mini ko akun ya hana Musa fita. Ka dai nemo mini na biyu." Ita ta yi sa'a, tana da kawun da ya taɓa haɗuwa da wani tsoho a ƙarƙashin dalbejiya. Yaran da suka shiga shagon nan bayanmu su kaɗai, da kuɗin tararsu a dunƙule a hannu, abin da ake yayi aka miƙa musu.